Ruwa na dukana kullum a kan keke, ina zan samu lokacin kula da shi?

Ɗan_Bachirawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da damina, Allah ya ba manoma sa'a. Dan Allah shawara nake nema wajen masu hawa keke irina, in kuma akwai masu gyara a nan to ma sha Allah.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita ya fi ƙarfina, sai na lallaɓa na sayi keke ɗan kwatano mai giya, da shi nake zuwa shagon ubangidana a Kantin Kwari daga Bachirawa, in biyo titin Katsina ta Rijiyar Lemo da Kurna. Da rani ba ni da kuka da shi, ƙura ce kawai in kaɗe da safe in wuce. Amma tunda aka shiga marka abin ya zama wani iri. Lungunmu babu kwalta, in an yi ruwa caɓi ne tun daga ƙofar gida har bakin titi, titin ma kana hawa motoci za su yi ta watso maka ruwan kwata. Ina fita wajen 7 na safe ba na dawowa sai bayan magariba wani lokacin ma sai an kira isha'i, in shigo a jiƙe sharkaf ga yunwa ga gajiya ga ba wuta, wlh abin da kawai nake iyawa shi ne in jingine shi a soro in canza kaya in yi sallah in ci tuwo in kwanta. Da safe in duba sarka ta yi ja kamar an barbaɗa mata yaji, ina takawa tana ƙiii ƙiii, yaran layinmu har sun haddace ƙarar, tun ban shawo kwana ba suke cewa ga Yaya nan. Giya ma ta fara tsalle, in na danna feda da ƙarfi sai in ji kas ƙafata ta zame.

Na san ana wanke keke ana sa mai, ba wannan ne ban sani ba. Lokacin ne babu. Kullum sai in ce ranar Lahadi zan zauna in yi masa aiki mai kyau, Lahadin ta zo ga ɗaurin aure ga wanki ga zuwa gaida su Hajiya, yau sati 3 kenan ina ɗagawa. To ku ya kuke yi? Mene ne dole a yi a daren, mene ne zai iya jira? Kuma baƙin man da ake samu wajen masu gyaran babur ya isa ko sai na sayi wani?

Sadiq_Fagge:

Sayar da shi ka sayi kwalekwale kawai malam, lungunku a watan Agusta ai sai matuƙin jirgi 😂

Baba_Mai_Faci:

Wa alaikumus salam. Ɗana ne ke buga min wannan a wayarsa ni ina faɗa, in kun ga kuskure nasa ne. Na fi shekara 30 ina gyaran keke a bakin titi, tun Raleigh da Phoenix na cike da gari.

Yaro, kuskurenka ɗaya ne, kana jiran rana guda da za ka yi babban aiki. Ita kuwa tsatsa dare ɗaya ya ishe ta, ba ruwanta da Lahadinka. Sarka ƙarfe ne tsirara, man da ke jikinta shi ne rigarta, ruwa ya wanke man, kai kuma ka jingine ta a jiƙe a soro inda iska ba ta kewayawa, to me kake so ta yi maka. Abin da ake so ka yi a daren bai wuce minti 5 ba, amma sai ka shirya masa tun da rana.

Ka kafa ƙusa a bangon soro daidai inda kake jingine keken. Ka rataye tsumma biyu, ɗaya na goge ruwa ɗaya na mai, da 'yar robar mai wadda ka huda murfinta, da tsohon burushin goge baki. In kayan nan suna ƙarƙashin gado a ɗaki wallahi ba za ka ɗauko ba, na san halin gajiya. Kana shigowa, tun kafin ka cire jiƙaƙƙiyar rigar tunda dai ka riga ka ɓaci, ka ɗauki buta ka zuba ruwa a hankali a kan sarka da haƙoran baya da wajen birki. Laka tun tana ɗanya buta ɗaya ke fitar da ita, in ta kwana ta bushe sai an kankare. Ka ɗan ɗaga keken ka sake shi a kan tayoyinsa sau biyu sau uku ruwa ya zazzage. Sai ka kama sarka da busasshen tsumma ka juya feda da baya kamar zagaye 20. Sannan mai, kana juyawa kana ɗigawa ta cikin sarkar, gefen da ke hawa kan haƙora nake nufi, ba bayanta ba. Shi kenan je ka yi alwala. Da safe kafin ka fita ka sake kama ta da tsumma ka goge duk man da ya fito waje. Gogewar safen nan mutane ke rainawa, alhali man da ke aiki yana can cikin gaɓoɓi, wanda ya rage a waje yashi kawai yake kira.

Ranar da ka gaji ko buta ba za ka iya ɗagawa ba, to ko tsumman kaɗai ka yi, ka busar da sarkar ka tafi, mai ya jira safiya.

Zancen tsallen giya kuwa abu biyu ne. Ko dai wata gaɓa ta ƙage saboda tsatsa, ko sarkar ta ja ta gama aikinta. Ka juya feda da baya a hankali kana kallon 'yan ƙananan tayoyin nan biyu na giyar baya, in akwai gaɓar da ta ƙage za ka ga ta wuce da ɗan tsalle, ka sa mata mai ka yi ta lanƙwasa ta har ta saki. In ba ita ba ce to aro tef na ƙarfe irin na kafinta, ban da tef ɗinku na awon yadi don shi yana miƙewa. Tsakanin kusa da kusa a sarkar keke rabin inci ne, in ka sa bakin tef a tsakiyar kusa ɗaya, ta 24 bayanta ya kamata ta faɗo daidai kan inci 12. In ta zarce da kashi 1 cikin 8 na inci sarkar ta mutu, kuma akwai alamar ta ci haƙoran firiwil, wato haƙoran nan na tayar baya, ka sa sabuwar sarka kaɗai tsallen sai ya fi na da.

Abba_Samaru:

Baba Allah ya ƙara girma, maganar ƙusa a bango ita ce gaba ɗaya. Ni ɗalibi ne a Samaru ina zaune a waje da makaranta, keke ne ƙafata, bari in ba ku labarin asarar da na ja wa kaina saboda neman gajeriyar hanya, don na ga mai tambaya ma can ya nufa.

Bara lokacin jarrabawa ba ni da lokacin komai, keken ya yi kaca kaca da jar laka sai na ce bari in miƙa shi wurin wankin mota su yi min a minti 2. Suka sa masa injin nan mai feshi da ƙarfi ko'ina, ya fito yana ƙyalli kamar ango ina ta murna. Ba a yi sati 2 ba tayar baya ta fara gurnani, feda ma in na juya sai in ji kamar akwai tsakuwa a ciki. Mai gyara ya buɗe hob ɗin, wato cibiyar tayar inda boris suke, giris ya koma kamar kunu, boris duk sun yi tsatsa sun ƙwaƙule wurin zamansu. Ya ce ƙarfin ruwan ne ya kutsa ciki ya kori giris ya zauna, shi kuma ruwa in ya shiga wurin boris ba shi da hanyar fita. Kuɗin da na kashe ya isa in ci abinci na kwanaki. Ruwan buta ko bokiti da soso ya fi, in ma za ka sa Omo kaɗan ne kuma ka ɗauraye.

Na biyu, WD-40, man feshin nan na gwangwani da wasu ke yabo. Yana da amfani gsky, in ka dawo a jiƙe ka fesa yana korar ruwa daga sarka kuma yana sassauta notin da ya ƙage, amma ba shi da jiki, ruwa ɗaya ya same ka a hanya ya tafi, sarka ta koma kuka. Duk wanda ya fesa shi to ya biyo shi da mai na gaske.

Nura_Mai_Babur:

Ni fa wannan iyayin ne ban gane ba. Mahaifina da baƙin mai ya riƙe kekensa har ya tsufa ya bar mana shi, bai taɓa sayen wani man keke ba, yanzu kuma a ce sai an auna sarka da tef kamar za a ɗinka mata riga. Ɗan uwa zo gareji in cika maka gora kyauta ka malala mata, ba tsatsar da za ta kusance ta.

Baba_Mai_Faci:

Nura ba ka yi ƙarya ba, amma tuna irin keken mahaifin naka. Na tabbata mai rufaffiyar sarka ne, gidan ƙarfe ya lulluɓe ta gaba ɗaya, ba ruwa ba yashi, giya ɗaya, sarka mai kauri. Wasunsu ma akwai 'yar ƙofa mai murfi a jikin hob da wajen feda da ake ɗiga mai ba sai an kwance komai ba. Irin wannan ko me ka zuba mata za ta zauna da kai lafiya. Keken yaron nan sarkarsa siririya ce kuma a waje take, tana hawa tana sauka a kan haƙora kala kala, tayar gaba na watso mata yashi kai tsaye.

Baƙin mai ya fi babu, wannan gaskiya ne, in shi kaɗai gare ka a daren sa shi. Amma me ya mai da shi baƙi? Dattin inji ne da garin ƙarfe. Sai kuma kuka ce a malala, to yashin hanya ya zo ya manne, mai da yashi in sun haɗu kamar dutsen wasa wuƙa suke, kana takawa suna cin sarka da haƙora a hankali, ga ƙafar wando ta lalace. Tunda kana da kirki, maimakon baƙin ka tara masa ragowar sabon man da ke saura a gindin galan in kun yi wa mutane juye, 'yar kwalba ɗaya za ta kai shi ƙarshen damina. Wanda ya fi min duka a lokacin ruwa man giya ne na mota, lamba 90, yana da kauri ruwa ba ya saurin wanke shi, sai dai wari kuma dole a goge na waje sosai. Man keken ɗinki ya yi ruwa ruwa, shi na wayar birki ne da lokacin rani. Man gyaɗa da manja kuwa kar wanda ya gwada, na sha karɓar sarka ta daskare da danƙo kamar an dafa ta a miya.

Kuma kar a wanke sarka da fetur a soro, ga yara ga mai shigowa da garwashi. Kananzir kaɗan a gwangwani da burushi ya isa, shi ma sau ɗaya a wata, a bari ya bushe kafin a sa mai.

Issoufou_Maraɗi:

Sallama gare ku daga Maraɗi. Ni zogale nika ɗaukowa daga Jiratawa in kawo kasuwa da sassahe, buhu biyu bisa kariya, wajenmu laka ba ta kai yashi yawa ba, kuma yashi jiƙaƙƙe shi ya hi komi cin sarka. Abin da ya taimake ni madigadi ne. Samari na cire shi wai keke ya hi kyau hakanan, to in damana ta zo sai su gane. Na gaba shi ya hi muhimmanci, ni har na yanko roba daga tsohuwar jarka na ƙara mai tsawo daga ƙasa da waya, tun ran nan abin da ke hawa bisa sarka ya ragu ƙwarai, ƙahwahuna ma sun huta. Aikin awa guda ne sau ɗaya, ya rage maka aikin kowane dare.

Game da lokaci kuma ni ba da dare nika yi ba, in na isa kasuwa na sauke kaya ina jiran masu saye nan nika gogewa, tsumma da 'yar kwalbar mai suna ɗaure ƙarƙashin sirdi cikin leda. Kai ma ai shago kake zama, ba a rasa lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Sai dai ka wanke hannu kahin ka taɓa shaddar mutane.

Maman_Khairat:

Slm. Ni ba na hawa amma keke biyu ne a gidana na yara masu zuwa makaranta, kuma ni ce mai biyan kuɗin gyara shi ya sa nake bin zancen nan. Ɗan Bachirawa ba ka da ƙane a gidan ne ko almajirin da ke muku aike? Ni ranar Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya nake sa su fito da kekunan tsakar gida su wanke da kansu, wanda bai wanke ba Litinin ya tafi a ƙasa. Ka ba yaro ɗan abin sayen alawa ya riƙa zuba ruwa yana gogewa in ka dawo, kai kuma ka yi alwalarka.

Amma don Allah man ka sa da hannunka kar ka bar wa yaro. Ƙaramin nawa ya ji birki na ƙara in ya taka sai ya ɗauko mai ya shafa wa robar birkin da bakin rim ɗin wai ya yi shiru, ai kuwa ya yi shiru, washegari a gangaren layinmu ya matsa ba abin da ya kama sai cikin kwata aka tsamo shi, Allah ya tsare gwiwa ce kawai ta kurje. Robobin sai da aka canza su don sun sha mai. Sannan leda a kan sirdi in za a ajiye a waje, soson ciki in ya sha ruwa kwana biyu yana jiƙa wa yaro wando.

Ɗan_Bachirawa:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Hajiya ina da ƙane, ban taɓa kawo shi a raina ba wlh. Tunda kin ambaci birki bari in ƙara tambaya, ni ban sa masa mai ba amma in ana ruwa sai in matse har hannuna ya yi zafi keken na ci gaba da tafiya, shekaranjiya saura kaɗan in shige bayan wata tifa a Kurna. Kuma wani baƙin ruwa na zubowa daga wajen robar yana ɓata tayar. Wannan fa?

Abba_Samaru:

Samo mayen ƙarfe ko na tsohuwar sifika ne ka kara a bakin rim ɗin. In ya manne rim ɗinka na ƙarfe ne, su dama haka suke, da ruwa ya taɓa su birki sai ya kusa zama babu. In bai manne ba alminiyom ne, ya fi kamawa amma shi ma sai tayar ta yi zagaye ɗaya biyu robar ta share ruwan kafin ta ciji. Dabarar ita ce tun daga nesa ka riƙa ɗan taɓa birkin kana saki kana taɓawa don ya bushe, kuma ka bar tazara tsakaninka da na gabanka fiye da yadda ka saba da rani.

Baƙin ruwan nan da kake gani robar ce da rim ɗin kansa suke cinyewa, yashi ya shiga tsakani yana goge su, shi ya sa nake zargin naka alminiyom ne. Ka haɗa da goge bakin rim da fuskar robar a aikin daren, amma da tsumman ruwa ba na mai ba, kar ka taɓa haɗa su. Lokaci lokaci ka duba robar za ka ga 'yan tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfe sun nutse a ciki, ka tono su da allura ko bakin reza. In 'yan layukan da ke jikinta sun shafe ta zama sumul to ta ƙare, canza ta, ita ce mafi arha a duk kayan keke.

Wani abu kuma da mutane ba sa lura, ruwa na bi ta sandar sirdi ya shiga cikin bututun keken ya taru a ƙasa wajen boris ɗin feda. In ka bi ta ruwa mai zurfi ko ya kwana a waje ana zuba, ka zare sirdin da sandarsa ka kifa keken, za ka sha mamaki. Ka shafa wa sandar giris kafin ka mayar.

Nura_Mai_Babur:

To shi kenan Baba na sallama, za a tara masa sabon. Amma gorar ya zo da abarsa.

Ɗan_Bachirawa:

Na dawo da rahoto. Yau kwana 6 da kafa ƙusa, ruwa ya dake ni sau uku a ciki, sau biyu na yi aikin da kaina sau ɗaya ƙanena ya yi don na dawo da zazzaɓi zazzaɓi. Kukan sarka ya ɗauke gaba ɗaya, har wata maƙwabciyarmu ta tambaya ko na canza keke. Gaɓa biyu na samu sun ƙage, na sassauta su tsallen ya ragu amma bai daina ba, na auna da tef ɗin wani kafinta ta ɗan zarce inci 12 sai dai ba ta kai inda Baba ya ce ba, zan lallaɓa da ita zuwa ƙarshen wata. Mayen ƙarfe bai kama rim ba, robar birki kuwa ta baya sumul take, na canza duka.

Matsala ɗaya, na kwance notin sirdi zan kifa shi kamar yadda Abba ya ce, sandar ta ƙi motsi ko kaɗan, ni da ƙanena mun murɗa har sirdin ya fara karkacewa. Baba a buga da guduma ne?

Baba_Mai_Faci:

A'a kar ka buga, ƙara tura ta ciki za ka yi. Bar notin a kwance, ka ɗiga kananzir ko abin feshin nan da Abba ya faɗa a bakin wurin safe da yamma kwana 3, kullum ka ɗan murɗa hagu da dama ba da ƙarfi ba. Kar ka hau shi da noti a sake, in za ka fita ka ɗaure. In ta ƙi bayan nan kai wa mai gyara na kusa da ku ya kama ta a bais, ƙarfen nan da ake matse abu da shi.